Da Turawa Ba Su Mallaki Afirka Ba, Yaya Za Ta Kasance?

Tambayar da aka aiko ita ce: da a ce Turawa ba su yi wa Afirka mulkin mallaka ba, wane hali al'ummomin nahiyar za su kasance a ciki yau? Mai tambayar ya ce amsoshi iri biyu yake ji kullum, na masu cewa da tuni mun kamo Japan, da na masu cewa da har yanzu ba mu san asibiti da jirgin ƙasa ba, kuma yana so ya ji wadda ta fi kusa da gaskiya.

Malam, dukan amsoshin biyu a kan zato guda aka gina su, wato cewa Afirka a kulle take har ranar da sojan Turawa suka buɗe ta, alhali tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun ƙarnoni da yawa kafin taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, ayarin raƙuma yana ratsa Sahara tsakanin Tarabulus da Barno da kuma tsakanin Maroko da Tambutu, jiragen Larabawa da na Indiyawa suna sauka a Kilwa da Mombasa, jiragen Sin sun iso gaɓar gabas a farkon ƙarni na 15, Fotugal kuwa ta gina sansaninta na Elmina tun 1482. Addinai da rubutu da bindiga da masara da rogo duk sun shiga yankuna masu yawa ba tare da an ci ƙasar da yaƙi ba. Abin da mulkin mallaka ya sauya shi ne wanda ke da ikon zaɓen abin da za a karɓa daga baƙi da abin da za a ƙi. Saboda haka tambayar da za a iya amsawa da hujja ita ce, da wannan iko ya zauna a hannun sarakuna da fatake da malaman Afirka, me za su yi da shi? A nan muna da madogara, domin mun ga abin da suka yi da shi lokacin da yake hannunsu.

Sai dai irin wannan nazari yana da ƙa'ida: abu guda ake sauyawa, a bar sauran yadda suke. Ba za a ce masana'antun Ingila ba su tashi ba, ko ba su nemi manja da auduga da roba ba, ko ba a ƙera jirgin ruwa mai tururi ba. Ba za a ce William Baikie bai hau kogin Kwara da Binuwai a 1854 yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe ba, ko ba a ƙirƙiro bindigar Maxim a 1884 ba. Abin da za mu cire shi ne rabon nahiyar kansa. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce mai nisa, domin har zuwa 1870 abin da Turawa ke mulka bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na Afirka ba, yawancinsa a Aljeriya da kudancin nahiyar da 'yan wurare a bakin teku, kuma akwai manyan 'yan siyasar Birtaniya da suke ganin mallakar ƙasa a Afirka asara ce. A 1865 wani kwamitin majalisar Birtaniya ya ba da shawarar a shirya janyewa daga yawancin wuraren da take riƙe da su a Afirka ta Yamma. Shekara 49 bayan haka, a 1914, Habasha da Laberiya kaɗai suka rage.

Abu na farko da ya kamata a amince da shi shi ne, cire Turawa ba ya cire mamaya. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da rundunar da ba ta wuce 'yan dubbai ba a ƙarƙashin Judar Fasha, ta ratso Sahara da bindigogi, ta karya sojan Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi, Daular Songhai ba ta sake tashi ba, aka kwashe malaman Tambutu, har da Ahmad Baba, zuwa Marakish. Mutanen Oman sun kori Fotugal daga Mombasa a 1698, amma suka gaji wurinta, kuma da Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840, gonakin kanumfari da cinikin hauren giwa suka jawo farautar bayi har cikin ƙasar Kwango. Masar ta ci Sudan daga 1820, ta kuma kai wa Habasha hari a Gundet a 1875 da Gura a 1876, aka kore ta. Rabeh ya fito daga Sudan ya ci Kukawa a 1893, shekara bakwai kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri. Duk wanda ya riga maƙwabcinsa samun bindigar zamani, Bature ne ko Balarabe ko ɗan Afirka, amfani guda yake yi da ita.

Abu na biyu kuma ya rushe maganar masu cewa da ba mu san komai na zamani ba. A wurare da yawa da muka sami rubutacciyar shaida, shugabannin Afirka su ne suke neman fasahar baƙi, baƙin suna jan ƙafa. Mai Idris Alauma na Barno ya aika jakadu Santambul a ƙarni na 16, ya kuma samo 'yan bindigar Turkawa da suka horar da sojansa. Da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu, ya amince a hana fatakensa kai bayi bakin teku, ya nemi a kawo igwa da albarushi, a kuma aiko jakada, kuma ya nuna yana son likita ya zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya dawo karo na biyu ya tarar fada ta sauya masa fuska, domin labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da ciniki suka ƙare da mulki ya riga ya iso, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta kuwa ai sai ka shafa wa naka ruwa. A Madagaska Sarki Radama na Ɗaya ya karɓi 'yan mishan saboda makarantu da sana'o'i, aka tsara rubutun harshen Malagasi a 1823, magajiyarsa Ranavalona ta kori 'yan mishan amma ta riƙe Bafaranshe Jean Laborde yana ƙera mata igwa da albarushi da gilashi. Maƙeran Samori Ture, wanda ya kafa daula a yankin Gini da Mali na yau, sun koyi gyara bindigogin Faransa, har suna ƙera irinsu. Sarki Njoya na Bamum, a Kamaru ta yau, ya ƙirƙiro haruffan kansa ya buɗe makarantu, daga baya Faransawa ne suka rufe su.

Haka nan ilimin zamani ya riga rabon nahiyar isowa. An kafa kwalejin Fourah Bay a Saliyo a 1827, Africanus Horton ya zama likita a 1859, a shekarar kuma aka fara buga jarida da Yarbanci a Abekuta, aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Sarakunan Fante, a gaɓar Gana ta yau, da 'yan bokonsu sun rubuta tsarin mulki a 1871 wanda ya tanadi makarantu da hanyoyi, sai jami'an Birtaniya suka kama jagororin. Mulkin mallaka kansa bai yi gaggawar ilmantar da kowa ba: sai 1948 aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da Legon ta Gana, kuma lokacin da Kwango ta sami 'yanci daga Beljiyam a 1960, 'yan ƙasar masu digiri ba su kai 30 ba.

To, da an bar su da wannan zaɓi, ina hanyar za ta ɓulle? Masar ce ta fi kowa nisa a wannan gwaji, kuma labarinta ya kamata ya sanyaya wa masu mafarkin Japan gwiwa. Muhammad Ali, wanda ya hau mulki a 1805, ya kafa maɗaba'a a Bulaƙ, ya tura ɗalibai Faransa a 1826, ya buɗe makarantar likitanci a 1827, ya gina masaƙu da masana'antun makamai, ya kuma mayar da auduga hajar da gwamnati kaɗai ke saya ta sayar. Da ƙarfinsa ya fara damun manyan ƙasashe, sai suka taru a kansa a 1840 suka tilasta masa rage sojansa zuwa 18,000, yarjejeniyar ciniki ta 1838 tsakanin Birtaniya da Santambul kuma ta hana irin kankane kasuwar da ya dogara da shi. Magadansa suka ci gaba da aikin, amma da bashi. Layin dogo ya haɗa Iskandariyya da Alƙahira a 1856, aka buɗe mashigin Suwez a 1869, a 1875 Isma'il, jikan Muhammad Ali mai mulkin Masar a lokacin, ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar na mashigin a kan fam miliyan 4, a 1876 masu bin bashi suka kafa hukumar da ke karɓar kuɗinsu daga baitulmalin ƙasar kai tsaye, a 1882 sojan Birtaniya suka sauka. Tunisiya ta bi sawu ɗaya: tsarin mulki a 1861, hukumar masu bin bashi a 1869, Faransa a 1881. Ko da mun cire matakin ƙarshe na saukar soja, matakan da suka gabace shi suna nan. Sarkin da yake son layin dogo ba shi da bankin kansa, bankin yana Landan ko Faris, kuma jinginar da zai nema ita ce kuɗin kwastan. A ganina da yawancin daulolin Afirka sun shiga ƙarni na 20 da tutarsu da sarkinsu, amma da baƙo zaune a ofishin kwastan, kamar yadda ya faru da Sin da Farisa da Daular Turkawa, da ma Laberiya, wadda bashin 1912 ya sa baƙi suka karɓi ikon kwastan ɗinta, daga baya a 1926 ta ba kamfanin Firestone hayar ƙasa har eka miliyan 1 na shekara 99.

Habasha ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Menelik na Biyu ya sayi bindigogi daga Faransa da Rasha, har da Italiya kanta, kuma da Italiya ta yi da'awar cewa yarjejeniyar Wuchale ta 1889 ta sa ƙasarsa ƙarƙashin kariyarta, alhali rubutun Amharik bai ce haka ba, sai ya tara runduna ta kusan mutum 100,000 ya karya ta a Adwa ranar 1 ga Maris 1896. Bayan nan ya zaɓi abin da yake so: banki a 1905, makarantar zamani a 1908, wayar tangaraho, da layin dogo daga Jibuti wanda ya isa Addis Ababa a 1917. Harshen mulki ya zauna Amharik da haruffansa, cocin ƙasar ta zauna yadda take, ba wanda ya zo ya tsara musu yadda za su karanta tarihinsu. Wannan riba ce babba, kuma ita ce abin da nake ganin sauran nahiyar ta fi yin asararsa. Amma Menelik ɗin nan shi ne ya ci Harar a 1887, da Wolayta a 1894, da Kaffa a 1897, ya raba wa sojansa ƙasar mutanen kudu da ƙwadagonsu, kuma Oromo da sauran al'ummomin da aka ci sun daɗe suna kallon wannan a matsayin mulkin mallaka, sai dai mai mulkin maƙwabci ne. Duk da 'yancinta kuma, ban da shekara biyar na mamayar Italiya daga 1936 zuwa 1941, Habasha ta kai tsakiyar ƙarni na 20 tana cikin matalautan ƙasashen duniya.

Daga nan za a iya hango taswirar. Iyakokin da aka zana a Turai sun raba Hausawa tsakanin Nijeriya da Nijar, Ewe tsakanin Gana da Togo, Somalawa gida biyar, mutanen tsohuwar masarautar Kwango gida uku. Da ba a zana su ba, yaƙi ne zai zana wasu, kuma an riga an fara. Asante tana matsa wa Fante, Buganda da Bunyoro suna gaba, Yarbawa sun yi yaƙin Kiriji daga 1877 zuwa 1893, Kano ta yi basasa daga 1893 zuwa 1895, Samori ya rushe birnin Kong duk da malamansa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne 'yan manyan dauloli, irin su Sakkwato da Asante da Buganda da Habasha da Merina ta Madagaska da Zanzibar, su haɗiye ƙananan al'ummomin da ke kewaye da su, musamman waɗanda ba su da sarauta ta tsakiya, mai tashar jirgin ruwa kuma ya riƙe wa na cikin tudu hanyar bindiga. Irin waɗannan ƙasashe za su fi na yau kafuwa a zukatan masu rinjaye, domin harajin da sarki ke karɓa da harshen da alƙali ke shari'a da shi na gida ne, kuma mai yiwuwa da Hausa da Fulatanci da Swahili a rubutun ajami ne za su zama harsunan ofis da jarida. Amma wanda kakanninsa suka hau duwatsu don tsere wa mahayan dawaki ba lallai ba ne ya ga wannan duniyar ta fi masa.

Wannan ya kawo mu maganar bauta, wadda masu kare mulkin mallaka suke riƙewa a matsayin babbar hujjarsu. Gaskiya ne cewa a ƙarni na 19 bauta ta yawaita a cikin Afirka, domin bayin da aka daina fitarwa ta teku an mayar da su gonakin manja da gyaɗa da kanumfari da rinjojin sarakuna, kuma manyan daulolin nan a kansu suka dogara. Da wuya masu mulki su saki wannan da son ransu. Sai dai Turawan mulki ma ba su yi sauri ba, domin suna buƙatar sarakuna masu bayi su tara musu haraji: sai 1928 aka haramta bauta a cikin ƙasar Saliyo, sai 1936 a Arewacin Nijeriya, Habasha mai 'yanci kuwa a 1942. Siyam, wadda yau ake kira Tailan, ta kawar da ita a hankali tsakanin 1874 da 1905 a ƙarƙashin sarkinta, saboda matsin waje da buƙatar gwamnati ta sami masu biyan haraji da sojoji. Ina ganin haka za ta kasance a Afirka, a makare kuma da ja-in-ja, wataƙila da tazarar shekara 20 ko 30 a wasu wurare.

Akwai yankunan da hukuncinsu ba ya buƙatar dogon nazari. Da Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam bai mallaki Kwango daga 1885 zuwa 1908 ba, da miliyoyin da aikin tilas na roba da yunwa da cututtuka suka hallaka ba su mutu ta wannan hanya ba. Da Jamusawa ba su yi wa Herero da Nama na Namibiya ta yau kisan ƙare dangi daga 1904 ba. Da ba a yi dokar ƙasa ta 1913 da ta bar wa baƙaƙen Afirka ta Kudu kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu ba, kodayake can Turawa sun zauna tun 1652, sai an koma baya sosai kafin a cire su daga lissafi.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Fitar da ɗanyen kaya ya riga mulkin mallaka, gyaɗar Senegal tun shekarun 1840, manjan gaɓar Kwara tun kafin nan, kuma manoman Gana da kansu ne suka yaɗa koko har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi a 1911. Layin dogon da sarki mai 'yanci zai gina da bashi, daga gona zuwa tashar jirgin ruwa zai bi, kamar na Habasha. Inda za a bambanta shi ne wanda ribar tsakiya ke shiga aljihunsa. Jaja na Opobo ya kama cinikin manja a yankinsa, ya fara aika kayansa Ingila kai tsaye ba ta hannun kamfanonin Turawa ba, sai aka yaudare shi zuwa cikin jirgi a 1887 aka kai shi gudun hijira. Da irinsa sun ɗore, da an sami attajiran gida masu jarin da za su iya ba gwamnatinsu rance, wanda shi ne abin da Masar ta rasa.

Japan kuwa ta shiga gyaranta na 1868 da abubuwan da babu daular Afirka da ta haɗa su a lokacin: ƙasa guda ƙarƙashin mulki guda tun 1603, zaman lafiya na sama da shekara 250, jama'a masu yawa a wuri kaɗan waɗanda ake iya tara wa haraji, da ɗimbin masu karatu da rubutu. Duk da haka sai 1911 ta ƙwato cikakken ikon sanya kuɗin kwastan ɗinta daga yarjejeniyoyin 1858. Afirka ta 1880 tana da faɗin ƙasa da ƙarancin mutane, ga ƙudan tsando da ke hana doki da saniya zama a yankuna masu faɗi, ga tsadar sufuri, kuma tana fitowa ne daga ƙarni uku da rabi na cinikin bayi ta tekun Atilantika, wanda aka loda kusan mutum miliyan 12.5 a jirage, ban da waɗanda aka ratsa Sahara da tekun Indiya da su. Shi ya sa, da za a ba ni zaɓin wurin da zan sauya tarihi don in ga Afirka dabam, ba taron Balin zan taɓa ba, zan koma ƙarni na 16 ne. A 1526 Sarki Afonso na Kwango, wanda ya karɓi Kiristanci, ya tura 'ya'yan fadarsa karatu Fotugal, ɗansa Henrique ma ya zama bishop, ya rubuta wa Sarkin Fotugal yana kukan cewa 'yan kasuwa suna sace masa mutane har da 'ya'yan manya, yana neman a aiko masa malamai da masu magani a maimakon fatake. Gonakin rake na Sao Tome, daga baya na Brazil, sun fi wasiƙarsa ƙarfi. Cinikin da ya biyo baya shi ya ɗaukaka daulolin da sana'arsu yaƙi ce irin su Dahomey, ya sa al'ummomi suka watse zuwa duwatsu da fadamu, ya kuma mayar da kama mutum hanya mafi sauri ta samun bindiga, kuma waɗannan daulolin da wannan rashin yarda tsakanin maƙwabta su ne Turawan 1885 suka tarar, suka ci su ɗaya bayan ɗaya, galibi da sojan da suka ɗauka daga cikin 'yan Afirka.